Fular ɗin Zulai

Ke Rabi, ajiye almakashin nan. Na ga abin da kike shirin yi. An kawo mana aikin fular na 'yan makaranta, wannan ƙyallen da suke ɗaurawa a wuya, kin dube shi kin ce ai abu ne mai kusurwa uku, ko makaho ya yanka. To makahon ya fi ki, shi ko ba komai zai laluba. Har kin rage faɗinsa don yadi ya ragu, ko ba haka ba? Ku ma sauran ku matso, tunda an ɗauke wuta ba abin da kuke yi sai latsa waya.

Aikin farko da Kawu Mamman ya sa ni ba ɗinki ba ne, jiƙa kaki ne. Ƙanen mahaifiyata ne, shagonsa yana can cikin New Bell, kusa da inda mahauta suke, shi yake ɗinka wa masu dako a tashar jirgin ruwa kayan aiki. Kaki munafukin yadi ne. In ka yanka shi yadda ya fito daga kanti, ranar da aka wanke sai riga ta tsuke ta koma ta ƙanen mai ita. Saboda haka sai an jiƙa shi ya kwana, a shanya, a goge da dutsen guga na gawayi, sannan a kusance shi da alli. Na fi shekara ina wannan kafin Kawu ya bar ni na ɗora ƙafa a kan keke. Kuma keken ƙafa ne, ba irin naku da ke suma in an ɗauke wuta ba. Kullum da safe sai na ɗiga masa mai, don garin nan ruwa ne sama ruwa ne ƙasa, allura ma in ka bar ta a fili ta kwana biyu sai ta yi tsatsa. Almakashin nan da kike wasa da shi nasa ne. Bai taɓa yanka takarda ba, kuma ba a hannunki zai fara ba.

Bayan Kawu ya rasu, Allah ya jiƙansa, na riƙe shagon. Wata ranar Asabar wata mata ta shigo da jaka a kafaɗa, ta yi sallama da Hausa, ta ƙarasa da Faransanci. Madam Asabe ke nan. A nan aka haife ta, kakanninta daga Katsina suka zo fataucin goro suka zauna. Ta yi lakwal, wato boko, mai zurfi, tana aikin biro, ofis ke nan, a wani kamfani a unguwar Bassa, gidan aurenta kuma yana unguwar Bali. Ta buɗe jakar ta fito da wani tsohon fular shuɗi da ya koɗe, ta shimfiɗa a kan teburin yanka.

Ta ce, “Yaya Talatu, irin wannan nake so. Zan tara 'yan matan unguwarmu in yi musu sikawut.”

Na ce, “Sikawut kuma? Wannan na maza masu gajeren wando?”

Ta yi dariya ta ce akwai na mata, kuma ya daɗe a duniya. Ita a makarantar kwana ta koya, a wurin wata sista 'yar ƙasar Filifin da ke kula da ɗakin magani. Matar ce ta ba ta fular ɗin. Ta kan ba su labarin yadda a ƙasarsu, lokacin babban yaƙi, 'yan mata masu irin wannan ƙyallen suka riƙa kai wa mutane abinci suna ɗaure raunuka, alhali maza sun watse. Madam ta ce tun daga ranar ta sa a ranta cewa 'ya'yan Hausawan New Bell ba su fi kowa rashin hannu ba.

Iyaye ba su karɓa da sauƙi ba. Dattawan unguwa sun kira ta zaure, ta ce in raka ta da awo a wuya don in yi bayanin kayan. Abin da ya dame su da farko siket ne, don sun ga na 'yan mishan iya gwiwa. Na ce nawa zai sauka har idon sawu, hannun riga har wuyan hannu, da ɗankwali. Suka ce to kwanan daji fa? Madam ta ce babu, rana za ta faɗi kowace yarinya tana gidan ubanta. Sai wani tsoho ya ce ya ji 'yan sikawut da hannun hagu suke gaisawa, shi kuwa ba zai haifi 'ya ta miƙa wa mutum hagu ba. Nan aka daɗe. Daga ƙarshe Madam ta ce ta yarda, a waje dama kamar kowa. Hagu sau ɗaya tak, ranar da yarinya ta ɗauki alkawari, tsakaninta da shugabarta. Tsohon ya ce wannan tsakanin mata ne, ba ruwansa.

Alkawarin shi ne ƙashin bayan abin. Yarinya za ta yi watanni tana zuwa, tana koyon ɗaurin igiya, da hura wuta da itace jiƙaƙƙe, da yadda ake tsayar da jini, da yadda ake ɗaukar wanda ya faɗi. Suna yashe kwata kafin damina, suna ɗebo wa tsofaffi ruwa a famfo. Duk wannan ba fular a wuyanta. Sai ranar da Madam ta ga ta isa, sannan ta tsaya gaban 'yan uwanta, ta ɗaga yatsu uku, ta ce za ta bi Allah, ta yi wa ƙasa aiki, ta taimaki duk wanda ta tarar cikin wahala ko ba ta san shi ba. Shaftan, haka suke kiran Madam, ita za ta ɗaura mata fular da hannunta, ta ba ta hannun hagu. Kafin wannan rana ko a madubi ba a gwada shi.

Fular na farko da na yanka, Madam ta dawo min da shi. Na yi irin wayon Rabi, na ɗan rage. Ta kira wata yarinya, ta lanƙwasa mata hannu a ƙirji, ta zura ƙyallen ƙarƙashin gwiwar hannun, ta ja bakunan biyu zuwa bayan wuya. Ba su haɗu ba.

Ta ce, “Yaya, wannan ba ado ba ne. In hannun mutum ya karye, da shi za a rataye.”

Na ɗauko sabon yadi. Daga nan na san aikin. Dogon gefen a karkace yake fita daga yadi, in kin ja shi a ƙarƙashin keke sai ya miƙe ya yi ta lanƙwasa kamar ganyen latas. Sai kin bi shi a hankali, ki kalmasa siriri, ki goge, ki sake kalmasawa. Kusurwa kuwa ita ce ke ɗaukar ƙulli, in ba ta yi ƙarfi ba nan zai fara zarewa. Ni da Madam muka ƙirƙiro wata al'ada da ba a yi ko'ina sai a wurinmu. Ina ɗinke kusurwa biyu, in bar ta uku a buɗe. Yarinyar da za ta ɗauki alkawari ita za ta zo shago ta zauna a kan bencin nan, ta ɗinke ta da allurar hannu. In ta yi aikin banza in farke, ta sake. Wasu sun yi kuka a kan bencin nan, kuma ban ji tausayinsu ba.

Shekarun farko an yi aiki. Siket nakan bar masa kalmasa mai zurfi a ƙasa, yarinya na tsawo ana sakewa, in ta yi aure ƙanwarta ta gada. Ranar bikin matasa suka yi maci a gari, iyayen da suka yi gardama su ne a gaba wajen leƙe.

Sai kiris ta zo, wato karayar tattalin arziki. Ku kun ji ana cewa lakiris kamar sunan wata mata, mu mun zauna da ita gida ɗaya. Kamfanoni a Bassa suka shiga sallamar mutane. Wanda bai rasa aiki ba aka yanke masa albashi. Gwanjo ya cika kasuwa, dila-dila daga Turai, riga ta fi ƙwai araha, wa zai kawo wa tela yadi? Na koma faci da rage ƙugun wando, don kowa ramewa yake yi. Akwai sallar da na yi ban yanka sabon yadi ko ɗaya ba. Madam ma aka sallame ta daga biro, amma ba ta fasa zuwa ranar Asabar ba, sai dai yanzu a ƙafa take tahowa daga Bali. Yaran suka riƙa raguwa. Wannan an sa ta tallan makala, fanken nan na fulawa, waccan an tura ta wurin dangi a arewa.

A cikin wannan hali Zulai ta shigo. 'Yar Malam Haruna ce, direban babbar mota a wani garejin dakon kaya a Bassa, wanda shi ma aka karɓe masa makulli. Siririyar yarinya, ba ta da yawan magana, shekarunta ba su wuce goma sha uku ba. Ta daɗe tana bin su da kayan gida, don ba halin ɗinki. Wata rana wata da ta yi aure ta aiko min da tsohon siket ɗinta, na kira Zulai na auna ta, na ɗaga kalmasa, na juya wuyan wata tsohuwar riga. Fular kuwa daga ragowar shuɗin yadin da ya rage min na fitar da shi, cikakke, ban rage ko yatsa ba.

Ta zo ɗinkin kusurwa da yamma bayan la'asar. Na ba ta allura na juya ina faci. Da ta miƙo min, na juya shi gaba da baya ina neman abin farkewa, ban samu ba.

Na ce, “Wa ya koya miki?”

Ta ce, “Ina kallon hannunki ne, Inna, in mun zo karɓar kaya.”

Na ninke shi na sa a aljihun tebur. Aka sa ranar alkawarinta, ita da wasu biyu.

Ranar ba ta zo ba, don a tsakanin ne 'yan adawa da gwamnati suka fara rufe gari. Vil mort ake ce masa. Daga Litinin zuwa Juma'a ba kasuwa, ba tasi, ba shago, sai Asabar a buɗe kowa ya yi guzuri. Samari suna tare hanya da katako da tayoyi masu cin wuta, jandarmomi suna zuwa su kore su da barkonon tsohuwa, su tafi, a sake tarewa. An hana taro. Kuma kaki ya zama abin tsoro, don daga nesa ba a bambanta ɗinkina da na hukuma. Iyaye suka ɓoye kayan yara a ƙasan akwati. Madam ta ce a dakata, tana so a yi wa Zulai a filin makaranta, da tuta da kowa da kowa, kamar yadda aka yi wa na gabanta. Aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Duk Asabar Zulai sai ta biyo ta shago ta ce, “Inna, yana nan?” In ce yana nan, ɓera bai ci ba.

Wata Talata da yamma ta zo gida ta same ni, idonta ya yi ja. Babanta ya sayar da gado da rediyo. Wani abokin aikinsa na da zai tashi da mota zuwa arewa gobe bayan azahar, cikin ayarin da sojoji ke rakawa, ya yarda ya ɗauke su kyauta a bayan kaya. In sun rasa wannan, ba su da wata.

Ta ce, “Inna, zan tafi ban ɗauka ba.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, ban san da wa ba. Na ce ta je ta kwanta. Da asuba na aika wata daga cikin manyan yaran, Hadiza, ta bi lungu-lungu ta kai wa Madam saƙo a Bali. Ta dawo da hantsi ta ce Shaftan ta ce a taru a shago, tana tafe.

Ranar Laraba ce, gari a rufe. Na buɗe ƙofar baya kawai, ta gaba na bar ta da kwaɗo. Yara huɗu suka samu fitowa, kowace ta naɗo kayanta a cikin zani, suka sa a ciki. Zulai ta sa siket ɗinta da rigarta. Na fito da fular na goge shi, na shimfiɗa a kan tebur. Muka zauna cikin zafi da warin taya, muna jin ihu daga wajen babban titi yana tashi yana kwantawa.

Aka kira azahar, Madam shiru. Malam Haruna ya zo ƙofar baya da pus-pus, wannan amalanken turawa, an ɗora buhunan kayansu, uwar Zulai da goyo tana tsaye a baya.

Ya ce, “Hajiya, a ba ni yarinyar. Bassa da nisa a ƙafa, kuma mota ba ta jiran talaka.”

Na ce, “Malam, a ƙara mana kaɗan, don Allah.”

Ya dubi rana, ya tsuguna a bakin kwata. Mutumin kirki ne, wahala ce ta cinye shi.

Na koma ciki na ɗauki fular na ce, “Zo in ɗaura miki. Ni na yanka shi, ai ina da haƙƙi.”

Ta ja baya ta ce, “Ki yi haƙuri, Inna. Shaftan ce ke ɗaurawa.”

Na ji haushi, amma gaskiyarta.

Can sai ga wasu mata biyu masu sayar da makala sun riƙo Madam. Mayafinta ya tafi, goshinta na jini, hannunta na hagu yana lilo. Ashe ta sa rigar kaki a ƙarƙashin mayafi, don ta ce ba a karɓar alkawari da kayan gida. A wani shinge iska ko hannun wani ya yaye mayafin, samari suka ga kaki da maɗaurin kafaɗa irin wanda nake ɗinka mata, wani ya ce ga 'yar sanda. Ta kare kanta da hannu, katako ya sauka a kan hannun. Matan nan ne suka gane ta, suka yi ta ihun cewa malamar yara ce, sannan aka bar ta.

Muka zaunar da ita a kan bencin. Ni da na girme su duka na tsaya ina salati. Hadiza ta danne goshin da tsumma mai tsabta. Zulai ta dubi hannun, ta ɗauko katakon awo na Kawu ta ɗora a ƙarƙashinsa, ta ce in ba ta ragowar yadi ta ɗaure. Na ba ta. Saura abin ratayewa. Sauran yaran sun baro nasu fular a gida don tsoron hanya, na Madam kuma an fizge shi a shingen. Na juya ina neman yadin da zan yanka, kafin in kai ga almakashi Zulai ta riga ta ɗauke nata daga kan tebur. Ta zura shi ƙarƙashin gwiwar hannun, ta ja bakunan zuwa bayan wuyan Madam. Suka haɗu har da saura. Ta ƙulla, kusurwar da ta ɗinka da hannunta tana cikin ƙullin.

Madam ta buɗe ido ta ga abin da ke wuyanta. Bakinta ya kumbura, da ƙyar ake jin ta.

Ta ce, “Ɗaga yatsunki, ma fille, 'yata. Faɗi.”

Zulai ta tsaya, ta ɗaga yatsu uku, ta faɗi alkawarin daga farko har ƙarshe ba ta yi tuntuɓe ba. Yaran suka miƙe tsaye. Saura ɗaurin fular da gaisuwar hannun hagu. Madam ta yi ƙoƙarin motsa hagun, ta cije leɓe, hannun bai amsa ba.

Ta ce, “Yaya Talatu, kwance shi daga wuyana. Nata ne.”

Zulai ta riƙe hannuna. Ta ce, “A'a, Shaftan. Sai hannun ya warke.”

Daga waje babanta ya kira sunanta, sau ɗaya, ba da faɗa ba. Ta cire rigar kaki da siket ta ninke ta ajiye a kan kekena, don ba a bin hanya da su, ta ɗaura zaninta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaishe da Madam, ta fita. Na bi ta har bakin lungu. Tana taya uban tura pus-pus, ba ta waiwayo ba.

Hannun Madam ya warke a karkace, don sai da aka kwana biyu kafin a samu kai ta asibiti. Mijinta ya ce ya isa haka, iyaye ma suka ce ya isa. Ba a sake taruwa ba. Ragowar kakin da ke shagon na yanka shi na yi jakunkunan makaranta. Bayan an buɗe gari Madam ta kawo min fular ɗin a wanke a goge, sai ɗan tabo a gefe da ya ƙi fita. Muka ba wani mai fataucin goro ya kai Ngaoundéré, inda aka ce sun sauka, da saƙon cewa duk shugabar sikawut da ke can ta ɗaura mata. Ya yi wata biyu ya dawo mana da shi. Ya ce sun tashi, wasu sun ce Garoua, wasu sun ce sun tsallaka iyaka. Madam ta yi ta cigiya har ta rasu. Na yi baƙin ciki da wannan abu, kuma har yau ina yi.

Yaran da na yi wa fular suna da yawa, wasu yanzu jikoki gare su. A cikinsu duka, wadda na gani da idona ta yi aiki da shi a kan abin da aka yanka shi dominsa ita ce Zulai, kuma ita ce ba a taɓa ɗaura wa ba.

Rabi, jawo aljihun teburin nan, na ƙasa. Ɗauko shuɗin. Ki wanke hannunki tukuna. Shimfiɗa shi a kan yadin, ki bi gefensa da alli, kada ki rage ko yatsa.